Ranar da na zuba wa kajina man kanumfari

Shekara huɗu ke nan ina kiwon kajin burola a bayan gidanmu a Agege, ɗari biyu duk zubi. Daga Ibadan ake kawo min 'yan tsakin, dusar katako kuma daga wurin masu yankan katako. Wanda bai yi kiwo a Legas da damina ba, bai san wahala ba. Daga Yuni zuwa Yuli iska kanta a jiƙe take, shimfiɗa ba ta bushewa, zarni ya tashi har idonka ya yi yaji, kafin ka ankara kaji sun fara zawo. Da, ko atishawa kaza ɗaya ta yi sai in narka musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, duk garken su sha.

Wata hajiya mai sayen kajina ce ta fara sa ni jin kunya. Ta ce, "Malam, tsakani da Allah, yaushe rabon su da magani?" Kwana biyu ne kacal, alhali a jikin takardar an rubuta a jira kwanaki kafin yanka. Daga nan na shiga bincike, har na ji cewa Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don saurin girma tun farkon 2006, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka koma gwadawa shi ne man tsirrai masu ƙamshi: tayim ɗin da mata ke sa wa dafa-duka, da origano, da kirfa, da kanumfari. Ba mai ba ne irin na gyaɗa. Turara ganyen ko ɓawon ake yi, a tara ɗan abin da tururin ya ɗauko, shi ya sa yake da ƙarfin tsiya. Sinadaran cikinsa, timol a tayim, kabakrol a origano, yujinol a kanumfari, suna ɓula fatar wasu ƙwayoyin cuta a hanji, suna kuma motsa ruwan narkar da abinci.

Ni da gaggawa, sai na sayo ƙaramar kwalbar man kanumfari, na tsiyaya kusan murfi guda a kowane mazubin ruwa, na tafi kasuwar Mile 12. Da azahar na dawo na tarar da su sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, ruwa yana nan yadda na bar shi. Man bai garwaya da ruwan ba. Na ga wata ta tsoma baki, ta girgiza kai, ta goge bakin a dusa. Na ɗanɗana da yatsa, harshena ya mutu na ɗan lokaci, kamar yadda kanumfari ke yi wa mai ciwon haƙori. Uku suka mutu a ranar, ƙishirwa da zafi.

Likitan dabbobin da na kira dariya ya yi kafin ya yi faɗa. Ya ce a tan guda na abinci, wato buhu 40 masu kilo 25, giram ɗari ko ɗari biyu ake sawa. Ka ga buhu ɗaya abin da zai samu bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wa zai iya cakuɗa cokali ɗaya da hannu har ya game buhu? Shi ya sa kamfanoni ke lulluɓe man a cikin gari, don ya bazu daidai, kada kuma ya bi iska. Na ruwa ma akwai abin da ake haɗa masa don ya garwaya.

Zubi na gaba na sayi irin garin, mai lambar NAFDAC, na raba kajin gida biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, a sati shida sikeli bai nuna min wani bambancin a zo a gani ba. A ƙasa na gan shi: kashin waɗanda suka ci ya fi tauri, shimfiɗarsu ta fi daɗewa kafin ta yi caɓi. Amma riga-kafin cutar Gumboro da Lasota, wato na cutar Newcastle, ban fasa ba ko sau ɗaya, domin wannan mai ba ya tare waɗannan cututtuka, duk abin da masu talla za su ce maka. Ranar da na ga jini a kashi kuma, maganin likita na ba su, ba kirfa ba.

Sauran man kanumfarin yana wurin uwargida, ta ce na ciwon haƙori ne. 'Yan tsakin da nake so su kai Kirsimeti za su iso ran Talata, kuma har yanzu ban gyara inda rufin ke yoyo ba.