Masu kekuna a Shap

Yau da hantsi na tsaya shan shayi a ƙauyen Shap, arewacin Ingila, sai ga ayarin masu kekuna sun iso jiƙe sharkaf. Daga Land's End, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, suka taso za su John o' Groats, can ƙarshen arewacin Scotland, sama da kilomita 1,400, suna tara kuɗin gyara wa sojojin da suka nakasa gidajensu. Na ƙarshensu a kishingiɗe yake cikin keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Ƙafafunsa a fagen yaƙi a lardin Helmand na Afghanistan ya baro su. Da ya cire safar hannu, tafin duk kanta, yatsun sun sandare, sai da abokinsa ya riƙe masa kofi.

Na ce masa sannu da ƙoƙari, hawan tudun nan ko mai ƙafafu sai ya ji a jikinsa. Ya yi dariya, wai tudu bai dame shi ba, matakalar gidansa ce ta gagare shi. Wata da watanni a falo yake kwana, keken guragu ba ya shiga ƙofar banɗaki. Abin ya tsaya min a rai wallahi: mutumin da ke ratsa ƙasa da hannuwansa, wanka ma sai an taimaka masa.