Yadda na kwance giyabos ɗin tsohuwar Nova ta, har sau biyu

Ni dai ba makaniken giya ba ne, tsohuwar Chevrolet Nova ce ta 1972 nake lallaɓawa, giyarta otomatik, TH350 ɗin nan mai giya uku da kamfanin General Motors (GM) suka fito da shi a 1969. Kawai sai ta tsiro min da wani hali, giya ta ɗaya da ta biyu lafiya lau, tana shiga ta uku sai injin ya yi ta ihu mota ba ta ja, ribas ma haka. Ashe kuloci ɗaya ne ke riƙe su biyun, wanda ake ce wa dairek. Da na kwance kwanon ƙasa, noti 13 ne, man ya yi baƙi ƙirin sai ƙauri yake, ga wani gari-gari kwance a gindin kwanon, nan na san faifan kulocin sun cinye.

Sauke giyabos ɗin ba wuya in akwai jak mai kyau, nauyi ne dai kawai. Cikin ne aiki. Duk abin da na zaro sai na ɗau hoto da waya na jera a tebur bi da bi, amma duk da haka da na ɗaga balb bodi, wato farantin da ke rarraba man giya, wasu ƴan ƙwallayen ƙarfe guda huɗu kamar na boris suka zubo, ɗaya ta gangara ƙarƙashin benci, wallahi sai da na kusa awa ɗaya a rarrafe da tocila. Wajen mayarwa bazilin na shafa musu suka zauna a raminsu, giris ba ya yi, bazilin shi ne yake narkewa cikin man giya. Sabbin faifan kuma na jiƙa su a man giya na Dexron kamar rabin awa kafin na jera.

Inda na kwafsa shi ne sil ɗin fistan na dairek, robar nan mai leɓe. Na tura da ƙarfi na ji ya shige na ce shi ke nan, ban busa iskar kwampireso na gwada ba, gajiya ta sa. Na haɗa komai, na ɗora, na tayar, ribas shiru! Haka na sake sauke shi ina cizon yatsa, na tarar leɓen ya naɗe ya tsage. A karo na biyu da siririn ƙarfen awo na bi gefen a hankali, na busa iska na ji "tas" fistan ya kama ba huci.

Konbata kuwa, wato kewayayyen abin nan da ke haɗa inji da giyabos, sai da na yi ta juya ta ina turawa har ta faɗa ciki mataki-mataki ta zauna daram, don in ba ta kai ƙarshe ba ka ɗaure noti, famfon mai ne zai fashe. Bututun da ke zuwa lagireto ma na wanke su tas saboda tsohon garin nan. Yanzu motar tana shiga ta uku sumul, sai dai ɗan ɗigo a bakin kwano da har yau nake bi da tsumma.