Muryar Malam

Yau bayan la'asar ina Shara Mansur a Makka, ina cike fom ɗin neman digirin digirgir a kimiyyar siyasa, sai na cije a wajen wasiƙar shaida. Malamin da ya duba min kundin digiri na biyu a Khartum, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ban ji ɗuriyarsa ba. Na dai tura saƙo a WhatsApp, ba don ina sa rai ba.

Kafin magariba sai ga muryarsa daga Alƙahira, duk ta dushe: "Ɗana, ashe kana raye? Turo min sunan jami'ar." Gurabe kaɗan ne, masu nema tuli, na sani. Amma tun ɗazu muryar nake ta maimaita saurare, fom ɗin ma ban ƙarasa ba.