Tafiyata Brands Hatch da Motar da Nake Hawa Kullum

Brands Hatch filin tseren motoci ne da ke gundumar Kent a kudu maso gabashin Ingila, kusa da ƙauyen West Kingsdown, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Landan. A wasu ranaku na shekara ana buɗe shi ga duk mai lasin tuƙi da ke son gwada motarsa ta yau da kullum a kan kwaltar tsere, ba don gasa ba, domin a irin wannan rana an hana ɗaukar lokaci, kuma babu na ɗaya balle na ƙarshe. Irin wannan rana na yi rajista, na bar Landan da asuba ta hanyar A20 cikin ƙaramar motata mai ɗan ƙarfin inji.

Shirin tafiyar ya fi tafiyar kanta cin lokaci, kuma kusan dukkansa a kan birki ya ƙare. Bakaniken da ya duba motar bai ko kalli injin sosai ba, ya dai tabbatar baƙin mai ya cika, sannan ya zuƙe tsohon man birki ya zuba sabo. Dalilinsa shi ne man birki yana shan danshi daga iska a hankali, kuma nau'in DOT 4 da ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 idan sabo ne, yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155 idan ya sha ruwa. Da zarar ya tafasa, mutum zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa motar kuma tana ci gaba da gudu. Ya duba kaurin fatar birki da lafiyar tayoyi, ya ƙara ɗaure notocin ƙafafu. Na kuma sayi inshora ta musamman ta yini guda, saboda inshorar hanya galibi ba ta biyan ɓarnar da ta auku a filin tsere.

Ana shiga wurin ajiye motoci ta wata hanya da ta ratsa ƙarƙashin kwaltar, sai mutum ya ɓullo a tsakiyar filin, wanda yake cikin kwari da tuddai suka kewaye, ta yadda mai kallo zai iya ganin kusan dukan zagayen daga wuri guda. Kafin komai aka gwada ƙarar salansa: ma'aikaci ya riƙe na'ura kusa da bakin bututun, ya ce in taka totur in riƙe. Ana tsananta wannan doka ne saboda mazauna unguwannin da ke kusa, kuma saboda su ne ma ba a cika buɗe babban zagayen mai kusan kilomita 4 ba, wanda a kansa aka yi gasar Formula 1 ta Birtaniya sau 12 tsakanin 1964 da 1986. Mu ƙaramin zagaye muka samu, wanda ake kira Indy, tsawonsa bai cika kilomita 2 ba. A ganina wannan alheri ne ga sabon shiga, domin lanƙwasa kaɗan ce zai haddace, kuma yana sake haɗuwa da kowacce bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi.

A taron bayani aka karanta mana ƙa'idoji ba tare da wasa ba. Ana wuce mota ta hagu kawai, a miƙaƙƙiyar hanya kawai, kuma sai na gaba ya kauce ya ba da hanya. Tuta rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa; ja na nufin an tsayar da zagaye, kowa ya koma a hankali; baƙa kuwa mutum ɗaya ake ɗaga wa, ya shigo a yi magana da shi. Daga nan kowa ya kwashe tarkacen cikin motarsa, har da tabarmar ƙasa da gorar ruwa, don kada wani abu ya gangara ƙarƙashin fedar birki. Muka sa hular kwano, muka bi bayan motar jagora a jere don ganin hanya.

Paddock Hill Bend, kwanar farko bayan layin tashi, ita ce abin da hoto ba ya nunawa. Hanyar tana ɗan hawa kafin a iso ta, saboda haka ba a ganin cikinta sai an riga an fara juya sitiyari zuwa dama, sannan ƙasa ta zame daga ƙarƙashin motar ta gangara, a gindin gangaren kuma nauyi ya danne mutum cikin kujera kafin a haura zuwa Druids, matsattsiyar kwanar da ake juyowa baya gaba ɗaya. A hagu akwai faffaɗan filin tsakuwa da aka shimfiɗa don tare waɗanda suka yi saurin shiga, kuma kafin azahar ya karɓi baƙi.

Na ɗauki malamin tuƙi na wani ɗan lokaci, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce ya fara kashe kuɗinsa a nan kafin ya sayi sababbin tayoyi ko ya ƙara wa inji ƙarfi. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana zaune a gefena yana nuni da hannu. Abin da ya fi nanatawa shi ne ido: in daina kallon hancin mota, in kalli inda nake son zuwa, domin hannu ido yake bi. Ya sa na gama taka birki tun motar tana miƙe, in shiga kwana a natse, in jinkirta juyawa, sannan in ƙara totur sannu a hankali yayin da nake warware sitiyari. A Clearways, doguwar kwanar da ke kaiwa miƙaƙƙiyar hanyar Brabham, ya nuna mini cewa wanda ya yi haƙuri a farkonta shi ke fita da gudu a ƙarshenta. Wata tsohuwar Mazda MX-5, wadda ƙarfinta bai kai na yawancin motocin wurin ba, ta yini tana bayyana a madubin manyan motoci har su kauce mata, saboda direbanta ya san waɗannan abubuwa.

Motar hanya ba ta jure dogon zagaye, don haka ana fita na minti goma sha biyar zuwa ashirin a dawo. Zagayen ƙarshe ana yin sa a hankali ba tare da taka birki sosai ba don iska ta sanyaya ƙarafa, kuma idan an tsaya ba a jan birkin hannu, sai a bar motar a giya, domin fatar birki tana iya mannewa a faifan da ya yi zafi. Na sa geji a tayoyi na tarar iska ta ƙaru saboda zafi, na rage kaɗan. Da yake ana zagaya filin ne ta hannun dama, tayar gaba ta hagu ce ke ɗaukar wahala. Gefenta ya yi laushi, roba ta dunƙule ƙanana-ƙanana a kanta, tana wari. Fetur kuwa yana tafiya fiye da ninki biyu na yadda aka saba.

Da la'asar na lura hankalina ya fara rarrabuwa, ina makara wajen duba madubi, sai na tsaya tun ana saura lokaci, tunda wannan motar ce za ta mayar da ni gida ta kuma kai ni aiki washegari. Na jira tayoyi suka huce, na mayar musu da iskar da na rage, na duba baƙin mai da fatar birki, na mayar da kayana cikin but. A kan hanyar komawa gudun da doka ta yarda da shi ya zama mini kamar tafiyar ƙafa, abin da aka gargaɗe mu a kansa tun da safe, saboda haka na riƙa duba allon gudu a kai a kai har na shiga cunkoson Landan.