Kafin a taɓa famfon injekta, a duba iska da ruwa

Da zarar tsohuwar motar daji ta fara kasala a hawan tudu, ko ta fara tururo baƙin hayaƙi ta salansa, wajen famfon injekta, wato famfon da ke auna gas yana tura shi cikin injin, hannun mutane ke fara nufa. A murɗa sukurin mai, a ƙara mata gas, ta ɗan yi kuzari, kowa ya ce ai an gyara. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai. Yawancin injinan da na ga an sauke, ba tsufa ne ya kashe su ba, zafi ne da ƙura, ƙarin man nan kuwa sai dai ya gaggauta ajalinsu.

Mu ɗauki injin 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba turbo, ba kwamfuta, iskar da ya zuƙa da kansa ita ce iyakar ƙarfinsa. In ka ba shi man da ya fi ƙarfin iskar, rarar hayaƙi za ta zama, zafin cikin silinda ya hau, har ƙananan ɗakunan ƙona mai da ke cikin kan injin su fara tsagewa. Shi ya sa ni da filtar iska nake farawa. Nakan cire ta in haska tocila ta ciki, inda haske ya ratsa kamar tsinin allura, takardar ta huje ke nan. Sannan in zura yatsa cikin tiyon da ke bayan filtar. Idan yatsan ya fito da ƙura, to ƙurar nan ta riga ta isa ga ringi da bangon silinda tana goge su. Masu buga filta a jikin taya ko hura ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi, don Allah su daina, su sayi sabuwa.

Batun ruwa ya fi wannan tsawo. Motar da ke ratsa ciyawa da taɓo, lagiretonta yana toshewa ta waje tun kafin ya toshe ta ciki. 'Ya'yan ciyawa da busasshen taɓo suna maƙalewa tsakanin lagireto da kwandensar na'urar sanyaya mota, wurin da ido ba ya gani sai ka leƙa da fitila. A wanke daga ɓangaren injin zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe. Fanka kuma tana da kuloci mai man silikon a ciki. Kashe injin yana da zafi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta wulwulawa ba turjiya, kulocin ya mutu, kuma a tafiyar giya ɗaya cikin yashi, inda babu iskar gudu, fankar ce kaɗai ke sanyaya motar. Hatta murfin lagireto ba abin raini ba ne: matsin da yake riƙewa, kusan bar ɗaya a ma'aunin matsi, shi ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120.

Abin da ba na yarda da shi sam shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya ɗauki zafi, a jefar. A injina da yawa, idan tamostat ya buɗe, shi ne kuma ke rufe 'yar gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin. Babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa bai je lagireto ba.

Masu Land Rover mai injin 300Tdi, wanda ya fito a 1994, su ƙara kula. Kan injin na alminiyam ne, famfon ruwansa kuma a sama yake, ruwa kaɗan zai ragu famfon ya fara juyi a bushe. Mafi muni, in ruwa ya tsiyaye, na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa kuma, allurar geji tana iya zama lafiya lau alhali kan injin yana gasuwa. 'Yar ƙararrawar da ke ƙara idan ruwa ya yi ƙasa, a ganina dole ce a wannan motar. A kuma riƙa saita tazarar bawul ɗinsa a milimita 0.20 injin yana sanyi. 300Tdi da 1HZ duka bel ne ke riƙe musu taimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, saɓanin TD42 na Nissan Patrol mai haƙoran giya, don haka motar da ka saya ba ka san tarihin bel ɗinta ba, ka canza shi kawai.

Sai layin mai. Mota ta ƙi tashi da safe, ta tashi tana kakkarwa da farin hayaƙi, sau da yawa iska ce ke shiga ta tsohon tiyo, ko hita fulogi, mai ɗumama ɗakin ƙona mai kafin a tayar da injin, ya ƙone. Tsiyaye ruwan da ya taru ƙarƙashin filtar gas, danna ɗan famfon hannu har ya yi tauri, ka haɗa guntun tiyo mai garai-garai ka ga ko kumfa na wucewa. Bayan nan a kai nozul, masu fesa gas cikin injin, a gwada feshinsu. In duk waɗannan sun fita lafiya motar kuma ba ta daina ba, a nan ne za a kwance famfon injekta, a kai shi wurin masu na'urar gwaji su saita shi daidai da ma'aunin kamfanin da ya ƙera shi.