Majalisar da sojojinta suka kora daga gari

Mutane na son ba da labarin yadda Amurka ta yaƙi Ingila ta samu 'yanci, Washinton da sojojinsa, an yi nasara shi ke nan sai tafi. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar min hankali, don a nan ne za ka ga an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Majalisar da ke riƙe da jihohi 13 na Amurka a 1783 tana da ikon shelanta yaƙi, tana da ikon cin bashi, tana iya buga kuɗi, amma fa ba ta da ikon karɓar haraji ko na sisin kwabo. Sai dai ta rubuta wa jihohi takarda ta ce don Allah ku aiko da kasonku, wanda ya ga dama ya aiko da ɗan abin da ya samu, wanda bai ga dama ba ya yi kunnen uwar shegu. Kuɗin takardar da ta buga lokacin yaƙi kuwa sun lalace, har a 1780 ita da kanta ta ce dala 40 na takardar su ne dala ɗaya ta azurfa. Ga bashin Faransa, ga na Holan, ga na 'yan ƙasa. A 1781 an kawo shawarar a sa harajin kashi 5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su, amma doka ta ce sai kowace jiha ta yarda, Rhode Island 'yar mitsitsiya ta ce ba ta yarda ba, magana ta mutu.

To su kuma sojoji suna zaune a sansanin Newburgh, wasu sun daɗe rabonsu da albashi, hafsoshi kuma tun 1780 aka yi musu alkawarin rabin albashi har ƙarshen rayuwa, ga shi yaƙi ya zo ƙarshe sun san da an sallame su babu mai sake tuna su. Sai wata takarda mara sa hannu ta fara yawo a sansanin tana zuga su kar su ajiye makami sai an biya. Ranar 15 ga Maris 1783 Washinton ya shigo taron hafsoshin ba zato, ya yi jawabi bai wani ratsa su ba, sai ya ɗauko wata wasiƙa zai karanta ya kasa gani, ya laluba aljihu ya zaro tabarau, ya ce su yi masa haƙuri, a hidimar ƙasar nan ya yi furfura ga idonsa ma ya kusa tafiya. Jikinsu ya yi sanyi, wasu har da hawaye. Majalisa ta yi maza ta mayar da alkawarin zuwa cikakken albashin shekara biyar, amma a takardar bashi fa, ba tsaba ba.

Ƙananan sojoji su ba su da wanda zai yi musu wannan. Albashin wata uku aka ba su a takardun da Robert Morris mai kula da baitulmali ya sa wa hannu, aka ce kowa ya kama gabansa, da yawa a hanya suka sayar da takardun a wulaƙance don su samu na komawa gida. A watan Yuni wasu ɗaruruwa suka ce ba za ta saɓu ba, suka kewaye ginin da majalisa ke zama a Filadelfiya da bindigoginsu. 'Yan majalisa suka roƙi John Dickinson shugaban gwamnatin jihar Pennsylvania, inda garin yake, ya kira dakarun jiha ya kare su, bai kira ba. Kai jama'a, majalisar ƙasa guda ta tattara komatsanta ta gudu Princeton! Daga nan Annapolis, sai Trenton, sai Niyu Yok. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa daga baya aka ware wa gwamnatin tarayya garinta na kanta.

Ko yarjejeniyar sulhu da Ingila da ƙyar aka amince da ita, ana buƙatar jihohi tara wakilai sun ƙi zuwa, sai 14 ga Janairu 1784 aka cika. A Yunin shekarar majalisa ta sallami rundunar, ta bar mutum 80 kacal suna gadin makamai a West Point da Fort Pitt.

Ni dai ban cika ganin laifin 'yan majalisar ba, an ɗora musu kaya ne aka ɗaure musu hannu, jihohi kowa na tsoron kar a kori sarki a kuma naɗa wani a gida. Sai tsarin mulkin 1787 ne ya ba majalisa ikon haraji. Da Hamilton sakataren baitulmali ya zo a 1790 ya ce a biya takardun bashin yaƙin nan cif yadda aka rubuta, yawancinsu suna hannun 'yan kasuwar da suka saye su a arha. Madison ɗan majalisar wakilai ya ce a raba, a ba sojan da ya sayar wani abu shi ma, aka kaɗa ƙuri'a ya sha kaye, kuɗin suka tafi ga mai riƙe da takarda.