Godiya Bayan Kare Kundin Digirina na Uku

Alhamdu lillahi, jiya na kare kundina a gaban malamai, kuma sun amince da shi.

Shekara huɗu ke nan ina fama da dendrima, ƙwayar sinadari mai rassa kamar bishiya. Na yi aiki da irin PAMAM da Donald Tomalia ya bayyana a 1985. Ana ƙara mata rassa ne zubi-zubi; zubi na huɗu yana da kan reshe 64, faɗinsa kuwa kusan nanomita 4.5 ne kawai (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). A kan rassan nan muke maƙala ferosin, sinadari mai ƙarfe a tsakiya, don ya riƙa kai elektiron daga enzayim mai ƙona glukos, wato sikarin jini, zuwa elektirod, sandan da ke karɓar lantarkin. Da haka na'ura ke gane yawan sikarin da ke cikin jini.

Babban malamina, Allah ya ƙara girma. Ranar da na kawo maka hotunan AFM, na'urar da ke nuna siffar ƙananan ƙwayoyi, raina a ɓace, don tsayin ƙwayoyin bai kai yadda nake zato ba, kai ka zaunar da ni ka nuna mini cewa dendrima mai laushi ce, takan baje idan ta kwanta a kan zinariya. Wannan bayanin ne ya zama babi na biyar.

Amma wanda ba zan taɓa iya biya ba shi ne Baba mai kula da ɗakin gwaji. Wata uku zanen gwajin lantarkina yana sauya wuri kullum. Ferosin ya kamata ya ba da tudu ɗaya mai tsabta a kan zanen, nawa kuwa yau nan, gobe can. Na goge elektirod da garin alumina har yatsuna suka yi kanta, na sake haɗa sinadarin sau biyu, har na fara tunanin ajiye karatun. Baba ya ɗaga elektirod ɗin azurfa da ake auna sauran da shi, ya duba bakinsa, ya ce, "Ɗiyata, ai wannan ya toshe." Ya sauya ruwan gishirin cikinsa, washegari tudun ya tsaya cak. Sunansa ba ya kan kundin, kuma wannan na damuna.

Abokan aikina da suka bar mini na'ura cikin dare, maigidana da ya riƙe yara, da Inna da ba ta gajiya da addu'a, Allah ya saka muku da alheri. Baba, kwafin farko naka ne, zan kawo maka da hannuna.